Surin Kawu Kabo

A shekarun da Turawa suke can suna babban yaƙinsu, har abin ya kai ana bin ƙauyuka ana ɗibar majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, an yi wani manomi a Kafinsoli mai suna Sada. In ana zancen masu rufin asiri a garin, ba a tsallake ƙofar gidansa. Gyaɗa ta karɓe shi tun kafin yaƙin. Yana da jakunan da ke kai masa kaya bakin hanyar mota a Kankia, rumbunansa ba a taɓa ganin gindinsu ba, ga rigar saƙi mai aska ta zuwa masallacin Juma'a. Ko ɗibar kuzan ma tsallake shi ta yi, ta faɗa kan waɗanda ba su da mai tsaya musu. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya ce wannan ai ya gama da duniya lafiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Sada ya san nasa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa Tani, sanƙarau kuma ya zo a bazarar bara ya ɗauke ta tana da wayonta, ta fara famfara ke nan. Sunanta Rahamatu. Sai dai a cikin gidan nan ba a taɓa jin wannan suna daga bakin uwa ko na uba ba, domin 'yar fari ce, kuma mai kunya ba ya kama sunan ɗan fari. “Yarinyar nan” suke ce mata. Sada kuwa ya riƙe kunyar nan har ya so ya wuce gona da iri. In yarinyar ta sheƙo da gudu ta same shi a zaure cikin mutane, sai ya haɗe rai ya kau da kai, kai ka ce bai san gidan da ta fito ba. Bai taɓa ɗaukarta a idon jama'a ba. Ranar da aka kai ta, masu ta'aziyya suka cika zaure, ya riƙa amsa musu da murya daidai kamar 'yar maƙwabci ce ta rasu, dattawa suka fita suna yaba kara irin tasa. Suka yaba, suka tafi gidajensu, suka bar shi da baƙin cikin da bai da ta inda zai fito.

Abu guda ya taɓa yi mata da hannunsa. Wata ranar kasuwar Kankia ya ga wani ɗan ƙoƙo mai zanen wuta a gefe, ya saya, ya kawo ya miƙa wa Tani yana kallon wani wuri, ya ce a riƙa ɗibar ruwa. A gidan da ƙorai suka yi yawa har ana rasa inda za a kife su! Tani ta gane, ta danne dariyarta, ta ba mai shi. Da ƙoƙon nan yarinyar take shan fura, in ta shanye ta zauna tana gwaguyar bakinsa, har haƙoranta suka fito a jiki, da ɗan giɓin da famfara ta bari a tsakani. Bayan rasuwar Tani ta wanke shi ta ɗora a ragaya can ƙuryar ɗaki, sama da sauran ƙoranta. Ba ta taɓa cewa komai a kansa ba, shi ma haka. Amma duk shigar da zai yi ɗakin, sai idonsa ya fara zuwa can kafin ya nemi wurin zama.

Tun daga nan zuciyar Sada ta ƙi kwanciya. Da yake ba shi da damar ya ce ga abin da ke cinsa, sai ya huce a kan dukiya. Ya hau rumbu ya leƙa ko ƙwari sun shiga, ya sauko, kafin a jima ya sake hawa. Jaki ya yi atishawa, ya ce an yi masa asiri. Ya yi faɗa da maƙeri, ya yi faɗa da mai awo, har akuyar maƙwabta ba ta tsira ba. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. A ƙarshe ya zauna ya yi wa kansa fatawa, irin wadda mutum kan yi in yana gudun gaskiya: ya ce kayan duniya ne suka yi masa yawa, kuma ga shaida a cikin danginsa.

Shaidar ita ce kawunsa Kabo, ƙanen mahaifiyarsa, mutumin Ƙofa a ƙasar Kusada. Kabo a da masifaffe ne na ƙin ƙarawa. Kan iyakar gona sai ya shekara yana ja-in-ja, in kuwa ya ƙwala wa ɗansa Hussaini kira daga gona, har cikin gari ana ji. Bayan matarsa ta rasu sai aka ga ya sake. Ya saki gonaki, ya saki dabbobi, ya koma wani kufai a bayan gari inda mutane suka tashi tun zamanin kakanni, ya kafa bukkar kara ya zauna, daga shi sai tabarma da buta. Abin da aka kai masa ya ci, in ba a kai ba bai tambaya. Ko ranar da aka zo aka tafi da Hussaini kuza, an ce ko motsi bai yi daga kan tabarmar ba. Mutane kuwa ba sa raina abin mamaki, nan da nan suka ce Kabo ya zama bawan Allah. Su je su zauna gabansa, ya faɗi kalma biyu, su ƙulle a haɓar riga su kai gida suna jujjuyawa.

Wata rana Tani na tankaɗe a tsakar gida, Sada ya zo ya tsaya a kanta.

“Gobe zan tahi Ƙofa in ga Kawu,” in ji shi. “Mutumen nan ba shi da ko allura, amma shina kwana lahiya. Ni ina da komi, ban da barci.”

Tani ba ta ɗago ba. “Malam, ni cikin talauci aka haihe ni, na san shi kamar yunwar cikina. Ban ga wata hikima cikinshi ba. Uwata ta sha dahwa muna tafasa ba gishiri, ba ta zama waliyyiya ba, kuka take yi in ta ga mun kwanta.”

“Ke ba ki gane ba.”

“Na gane. Abin da ke damunka ba cikin rumbu shike ba.”

Ta tsaya nan, domin in ta ƙara kalma ɗaya za ta taɓa inda ba a taɓawa. Shi ma ya san haka, ya juya ya fita.

Ya hau jaki da sassafe. Bazara ce, irin wadda ƙasa ke gasa ƙafa ta cikin takalmi. Rana na shirin tsayawa tsaka ya kusa Ƙofa, ya gamu da Adda, wata Bafillatana mai tallan nono da ya sani tun yana zuwa wajen dangin uwarsa. Suka gaisa, ya tambaye ta hanyar kufan. Ta nuna masa da baki, ba ta saki ƙwaryar da ke kanta ba.

“Can bayan kukokin,” ta ce. “Sai dai shanunmu ba su kiwo nan. Ko da damina, ciyawa har gwiwa, in sun iso sai su rabu biyu su kewaye. Ban san mi suka gani ba, ban kuwa tambaye su ba.”

Sada ya yi dariya ya wuce. Dariyar ba ta kai kukokin ba ta ƙare. Abin da ya fara lura da shi, ba kukan kurciya a wurin, da tsakar ranar bazara kuwa ko'ina ka tsaya a daji sai ka ji ta. Ba ƙuda, ba ƙadangare a jikin tsofaffin katangun da suka narke. A tsakiyar kufan ga wani suri ja wur, ya fi mutum tsawo, jikinsa danye shar kamar an yi ruwa da safe, alhali rabon ƙasar da ruwa tun kaka. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Jakin ya toge, duk yadda ya yi da shi ya ƙi gaba, dole ya sauka ya ja shi.

Kabo na zaune a inuwar bukkarsa. Sada ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗaga ido, sai ya ji wani irin kwaɗayi ya kama shi. Fuskar nan da ya sani da jijiyoyin faɗa ta kwanta sumul, ko layi ɗaya babu a goshi. Tsohon ya amsa gaisuwa da murmushi. Bai tambayi Tani ba, bai tambayi mutanen Kafinsoli ba, bai kuma yi masa ta'aziyyar yarinyar ba, duk da rabonsu da haɗuwa tun kafin rasuwar. Da wani ne ya yi haka da an ce bai da tarbiyya. Da yake Kabo ne, Sada ya ce zurfi ne.

“Kawu, so nike in rabu da kaya kamar yadda ka rabu,” ya ce. “In rarraba ma mabukata in huta.”

“In ka ba mutum, gode maka za shi yi,” in ji Kabo a hankali. “Gobe ka gan shi cikin rigarka, zuciyarka ta bi shi har gida. Ba ka rabu da komi ba, wurin ajiya ka sake.” Ya juya ido wajen surin. “Wancan ba shi godiya.”

Sada ya kalli surin. Kowa ya san suri. Masu magani kan tura mara lafiya ya yi wanka a kansa, ya bar cutar nan ya tafi ba waiwaye, ko yaro kuma ya san ba a ɗaukar abin da aka tarar a kan suri. Amma sadaka hannu da hannu ake yin ta, haka aka koya masa, bai taɓa jin wanda ya kai wa gara kyauta ba. Ya so ya faɗi haka. Sai ya sake kallon goshin tsohon, ya tuna rabonsa da barci mai daɗi.

“To ai jaki ba shi hawa suri, Kawu,” ya ce, yana neman ya mai da abin wasa.

“Igiyarshi ta isa.”

Sada ya kwance igiyar daga wuyan jakin, ya je ya ɗora a kan surin, ya dawo ya zauna. Ba a jima ba ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa, kamar an sauke masa dami bayan doguwar tafiya. Duk tunanin jakuna da ke cinsa, wanda ya rame, wanda ke ɗingishi, wanda ɓarayi za su iya kwancewa, ya neme shi ya rasa. Da ya tashi tafiya jakin ya riga ya yi nasa wuri, bai kuma neme shi ba. Ya ɗan saci kallon surin, ya ga gara ta riga ta lulluɓe rabin igiyar da jan laka. Ya taka da ƙafa har Kafinsoli, yana tafe yana 'yar waƙa.

Daga nan hanya ta buɗe. Sauran jakunan ya bar su ba ɗauri, suka watse, wanda ya tsinta ya riƙe. Ya kai wa surin rigar Juma'a, ya dawo ya shiga sahu da tsumma ko a jikinsa. Ya kai damin gero guda, ya dawo ya bar bakin rumbuna a buɗe, tsuntsaye suka ci, awaki suka ci, masu ƙafa biyu suka fi kowa ci. Garin ya ɗauka Sada ya bi sahun kawunsa, kuma waɗanda suka fi yabonsa a dandali su ne waɗanda suka fi kwasa. Tani ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta ɓoye irin shuka a cikin tulu ta liƙe bakinsa, ta koma kaɗi tana sayar da zare suna cin tuwo. Ba ta yi masa gori ba. Kallonsa kawai take yi in yana cin abinci, yadda ya daina cewa miya ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Faɗa ya ƙare, hawan rumbu ya ƙare. Sai dai abin da ya je neman magani a kansa yana nan, har ya fi da zafi, domin a da hayaniyar dukiya tana ɗan rufe shi, yanzu kuwa shi kaɗai ya rage a fili. Yana zaune sai ya ji kamar gudun 'yan ƙafafu ya nufo zaure. Ya ga 'yan mata sa'o'inta sun wuce da tulunansu, sai maƙogwaronsa ya toshe. Ya koma Ƙofa ya faɗa wa Kabo cewa ya ba da komai amma bai huta ba.

“Akwai saura,” in ji tsohon.

“Ba ni da sauran komi, Kawu.”

“Akwai abin da idonka ke zuwa gare shi in ka shiga ɗaki.”

Kabo bai taɓa taka ɗakin Tani ba. Ya faɗi maganar ne kawai yana kallon surin, kamar mai maimaita abin da ake gaya masa.

Da Sada ya koma gida ya shiga ɗaki, idonsa ya tafi ragaya kamar kullum, amma wannan karon ya daɗe a can. Tani na zaune da mazari a hannu, ta bi idonsa da kallo, mazarin ya tsaya.

“Malam,” ta ce, “ka kai jakuna, ban ce komi ba. Ka kai riga, ka kai hatsi, ban ce komi ba. Wancan ka bar shi. Ni ban san inda kuka rufe ta ba. Sunanta ba mu kira. Shi kaɗai ya rage muna, ni da kai.”

Rabonsu da su kusanci zancen yarinyar haka tun ranar da aka fita da ita. Kunya da haushi suka taso masa tare.

“Wa ya ce maki zan taɓa shi?” ya ce, ya fice.

Ya daure, ba a ce bai daure ba. Amma wanda ya ɗanɗana sauƙi ya san hanyarsa, ciwo kuma ba ya jin rarrashi. Wata safiya Tani ta tafi rijiya, ya shiga ɗakin, ya miƙa hannu ya sauko da ƙoƙon. Bai taɓa riƙe shi ba tun ranar da ya saya. Babban yatsansa ya faɗa kan gurbin haƙoran, ya ji giɓin nan a tsakani, sai ya zauna a bakin gado yana numfashi da ƙyar. Wannan zafin ne ya yanke masa shawara. Ya cusa ƙoƙon a cikin riga ya kama hanya, ko waiwayen gidan bai yi ba.

Rana tsaka ya isa kufan. Shirun na nan yadda ya bar shi. Ya tsaya gaban surin, ya ga ba alamar igiya, ba alamar riga, ba ko zangarniya ɗaya, surin dai ya ƙara tsawo. Ya ɗora ƙoƙon a wani ɗan lungu a jikinsa, ya ja da baya, ya je ya zauna kusa da kawunsa.

Sauƙin ya fara zuwa a hankali, daga ƙirji ya bazu zuwa hannuwa. Maƙogwaron da ya shekara a toshe ya buɗe. Sada ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya ce a ransa ashe haka mutane suke ji. Ya lumshe ido. Daɗi ne, ba ƙarya, daɗin da bai taɓa sanin irinsa ba.

Sallama ce ta sa ya buɗe ido. Wani mutum ne tsaye daga bakin kufan, ya ƙi ƙarasowa sai da aka amsa masa sau biyu. Sada ya gane shi da ƙyar: Gajere ne, abokin Hussaini, tare aka ɗebe su zuwa kuza. Ya tafi kakkaura, ya dawo ƙashi da fata, yana tari mai fitowa daga can ciki. Yana rungume da wani tsohon bargo. Ya durƙusa gaban Kabo, ya ajiye bargon, ya yi kuka ya share ido.

“Baba, haƙuri za ka yi. Hussaini Allah ya yi mashi cikawa. Sanyin dutsen Jos ya kama mashi ƙirji. Da hannuna na rufe shi. Har ya cika shina kiranka, ya ce in kawo maka bargonshi.”

Sada ya yi salati, ya juya wajen kawunsa, yana jiran ya ga abin da hikima ke yi in mutuwa ta zo. Kabo ya kalli bargon, ya kalli Gajere, murmushinsa bai ragu ba bai ƙaru ba.

“Allah shi jiƙan Musulmi,” ya ce. “Hussaini na wane gida?”

Gajere ya ɗago a firgice. “Baba, ɗanka! Hussaini naka!”

“To,” in ji Kabo. “Madalla.” Ya kai hannu ya shafa bargon, ya ce yana da kauri.

Ba kunya ba ce, Hussaini ba ɗan fari ba ne, wannan bakin ne yake ƙwala masa kira har a ji cikin gari. Ba dauriya ba ce kuma, Sada ya san dauriya, ya san yadda take murɗe wa mutum jijiyar wuya. A fuskar tsohon ba abin da ake dannewa. Sada ya leƙa cikin idanun nan da ya yi ta sha'awa, ya ga ba kowa a ciki, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share.

Ya kamata tsoro ya kama shi. Tsoron ya zo, amma daga nesa, ɗan ƙarami, kamar kiran da ake yi wa wani a wata gona. Wannan ne ya sa ya gwada kansa: ya nemi fuskar yarinyar a zuciyarsa. Ya ga zaure, ya ga hasken ƙofa, ya ga wani abu ƙarami ya sheƙo da gudu, amma inda fuska take ba komai. Ya nemi muryarta, shiru. Ya nemi sunan da ya shekara bakwai yana riƙe da shi a bayan haƙora bai bari ya fito ba, ya tarar da wurin wayam.

Ya miƙe ya ruga wajen surin.

“Ba a ɗauka,” in ji Kabo daga bayansa, ba tare da ya ɗaga murya ba. “Dawo ka zauna, yanzu za ka ji daɗin sosai.”

Lungun da ya ajiye ƙoƙon ya shafe, sai wani ƙullutu na danyen laka mai siffarsa. Ya kai hannu ya fasa. Gara ta zubo masa a hannu, farare, masu sanyi, ba cizo, suna bin yatsunsa kamar sun san shi. Ya tona ya kamo ƙoƙon, ya jawo, sai ya marmashe a tafinsa, cikinsa duk an cinye, saura ɓawon da bai kai kaurin ganye ba. Abin da ya tsira ɗan guntun baki ne, bai fi tsawon yatsa ba. Ya kakkaɓe shi ya duba. Akwai wasu 'yan gurabe a jiki, jere, da giɓi a tsakani. Abin da ya fara zo masa a rai shi ne ɓera ya ci. Sai daga baya ya tuna, irin tunawar labarin da aka taɓa ba ka na wani gari, cewa haƙoran yarinya ne.

Ya bar Gajere durƙushe yana kuka a madadin uban, ya kama hanyar gida. A bayan kukokin ya wuce Adda tana komawa ruga da ƙwaryarta. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, ta kalli fuskarsa, sai ta sauka daga kan hanya ta kewaye shi ta cikin gona.

La'asar sakaliya ya shiga gida. Tani na zaune a ƙasa a ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin ragaya, ba kaɗi ba girki, tulun da ta ɗebo ruwa da safe yana nan a bakin ƙofa inda ta sauke shi. Idanunta sun kumbura. Ya tsuguna gabanta ya buɗe hannu ya nuna mata guntun. Ta kalle shi, ta ɗago ta kalli mijinta, ta ga goshinsa ya kwanta sumul, sai ta dafe ƙirji.

“Tani,” ya ce, muryarsa lafiya lau, “na san mun yi ɗiya. Na san ta rasu. Amma na neme ta ban same ta ba. Mi ne ne sunanta?”

Tani ta girgiza kai. Tun ranar suna, da aka raɗa wa jaririyar aka sanar a zaure, wannan kalma ba ta taɓa hawa harshenta ba. Ko a mafarki “yarinyar nan” take cewa.

“Don Allah,” in ji shi. “Ke kaɗai kika rage da shi.”

Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Da sunan ya fito, da kuka ya fito, a kakkarye.

“Rahamatu.”

“Rahamatu,” in ji Sada. Ya fito daga bakinsa sumul, ba nauyi ba kunya, yadda mutum zai faɗi sunan 'yar wani. Ya zauna yana jira ya ji zafin nan ya dawo, ya toshe masa maƙogwaro, ya karya masa ƙafafu. Da zai samu, da ya ba da duk barcin da ya rage masa a duniya. Zuciyarsa na kwance kamar ruwan randa.

“Sake hwaɗi,” ya ce.

Ta sake. Ya ce ta ƙara, ta ƙara, kowane karo da ƙarfi fiye da na baya, tana riƙe da hannunsa da guntun ƙoƙon a ciki, tana girgiza shi kamar mai tada wanda barci ya yi wa nauyi. Matan maƙwabta da ke daka a bayan danga suka tsai da taɓarensu suna saurare. Suka dubi juna, ɗaya ta ce Tani ta zautu, ga ta can tana ƙwala kiran 'yar fari da sunanta, ko kunya babu.